Tarihin Gumakan Tagulla na Ƙasar Indiya



Duk wanda ya taɓa kallon silimar Indiya, ko a Maraɗi ko a Damagaram ko a Yamai, ya ga wannan abu. A kusurwar ɗaki akwai ɗan mutum-mutumi na ƙarfe. An rataya masa furanni, an kunna fitila a gabansa. Sai tsohuwa ta zo ta haɗa tafin hannu biyu, ta sunkuyar da kai. Masu kallo sukan ce, "Ga gunkinsu nan." Daga nan ba mai ƙara tambaya.

To, abin yana da tarihi mai tsawo. Wa yake ƙera shi? Da me ake ƙera shi? Yaya aka yi ya shiga gidaje? Me ya sa ɓarayi suke bin sa, har gwamnatoci suna kai ƙara a kansa?

Mu fara da magana guda. Musulunci ya hana bautar gumaka, kowa ya san haka. Wannan rubutu ba kira ba ne zuwa ga addinin kowa. Tarihi ne. Sanin yadda waɗansu mutane suke zaman duniya ilimi ne. Kuma a cikin labarin akwai darasi a kan amfanin rubutu, wanda ya shafe mu duka.

Ƙasar da addininta

Indiya tana can gabas da mu, a nahiyar Asiya. Mutanenta sun fi miliyon 1,400. A ƙidayar da aka yi a 2011, cikin kowane mutum 100, wajen 80 mabiya addinin Hindu ne, wajen 14 kuma Musulmi ne. Musulmin kaɗai sun kai miliyon 172 a lokacin.

Mabiya Hindu suna da abubuwan bauta da yawa. Biyu daga cikin manyan su ne Bishnu da Shiba. A ganinsu, Bishnu shi ne mai tsare duniya. Sun ce duk lokacin da zalunci ya yi yawa, sai ya sauko cikin wata siffa don ya gyara al'amura. Wannan saukowa suke kira awatar.

Saukowa goma ce ta fi suna. Ta fari kifi ne. Ta biyu kunkuru. Ta uku aladen daji. Ta huɗu rabi mutum rabi zaki. Ta biyar wada, wato gajeren mutum. Ta shida wani jarumi mai gatari, sunansa Parashurama. Ta bakwai Rama. Ta takwas Kirishna. Ta tara waɗansu sun ce Buda ne, waɗansu kuma suna sa Balarama, wan Kirishna, a cikin lissafin. Ta goma sunanta Kalki. Sun ce bai zo ba tukuna, zai zo a ƙarshen zamani bisa farin doki.

Cikin goman nan, Rama da Kirishna ne suka fi shiga gidaje. Rama ɗan sarki ne. A labarinsu, an kore shi daji shekara 14. Matarsa Sita da ƙanensa Lakshamana suka bi shi. Sarkin Lanka ya sace Sita. Rama ya yi yaƙi ya karɓo ta, da taimakon wani biri mai suna Hanuman. Littafin da ya kawo labarin shi ne Ramayana. Kirishna kuwa cikin makiyaya ya girma. Sun ce tun yana yaro yake satar man shanu, da ya girma kuma ya iya busa sarewa.

Kowane gunki yana da alamar da ake gane shi. Rama yana tsaye, hannunsa na hagu a sama don riƙe baka. Kirishna yana busa sarewa, ko yana rarrafe da curin man shanu a hannu, ko yana rawa bisa kan maciji. Bishnu kansa yana da hannu huɗu. Yana riƙe da ƙoƙon katantanwar teku, da faifai mai kaifi, da kulki, da fure dangin bado. Ko wanda bai iya karatu ba, da ya ga alamar ya san ko wane ne.

Mabiya Hindu suna kiran irin wannan siffa murti. In ka tambaye su, za su ce maka ba ƙarfen suke bauta wa ba. Sun ce ƙarfen mazauni ne, abin bautar yakan sauka a cikinsa bayan an yi masa addu'o'insu. Kuma ba dukansu suka yarda da haka ba. A 1875 wani malaminsu mai suna Dayananda ya kafa ƙungiyar Arya Samaj, wadda ta ƙi bautar siffofi. Amma mafi yawan jama'a sun riƙe al'adar har yau.

Farkon sana'ar

Zubin tagulla tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. A 1926 masu tonon kayan tarihi suna aiki a kufan wani birni, Mohenjo-Daro, wanda yanzu yake cikin ƙasar Pakistan. Suka tono siffar wata yarinya ta tagulla. Tsawonta bai wuce santimetir 11 ba, wato ba ta kai taƙi guda ba. Shekarunta sun kai 4,000. Tana nan ajiye a gidan kayan tarihi na birnin Delhi.

Amma inda sana'ar ta kai matuƙa shi ne kudancin Indiya, a ƙasar Tamil. Akwai wani kogi a can, sunansa Kaberi. Gefensa ƙasa ce mai albarka, ana noman shinkafa ƙwarai. Tun ƙarni na 8 maƙeran wurin suna zuba ƙananan gumaka na tagulla, da yawansu siffar Bishnu ce.

Wajen shekarar 850 wani gidan sarauta mai suna Cola ya kama birnin Tanjabur, ya mai da shi babban birninsa. Sarautar Cola ta daɗe har zuwa 1279, wato shekara fiye da 400. A zamaninsu ne aka zuba gumakan tagulla da suka fi suna a duniya.

Me ya sa aka bukaci na tagulla? Ga dalili. Babban gunkin da yake cikin gidan bauta na dutse ne. An kafa shi wuri ɗaya, ba ya motsi. Kuma a da, ba kowa ake bari ya shiga wurin ba. Mutanen da aka ɗauka ƙasƙantattu ne ta wajen asali, a waje suke tsayawa. A babban gidan bauta na birnin Madurai, sai a 1939 aka bar su suka shiga. To, ranar biki sai a fito da gunkin tagulla. A sa masa tufafi da kayan ado, a ɗora shi bisa kafaɗu ko bisa babban keken katako, a zaga gari da kiɗa. Ta haka kowa yake ganinsa. Shi ya sa in ka duba gindin tsofaffin gumakan za ka ga ramuka ko zobba. Nan ake zura sanduna ko igiya don ɗauka.

Sarkin da ya sa aka rubuta kome

A ƙarni na 10 akwai wata matar sarki, Sembiyan Mahadebi. Mijinta ya mutu tana da sauran ƙuruciya. Ta yi shekaru da yawa tana gina gidajen bauta da dutse, tana ba da gumakan tagulla.

Bayan haka aka yi sarki Rajaraja na farko. Ya hau gado a 985, ya yi mulki har 1014. Shi ya gina babban gidan bauta na Tanjabur, aka gama a 1010. Hasumiyarsa ta kai wajen metir 60. Ginin yana nan tsaye har yau.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne, sarkin nan ya sa an sassaƙa lissafi a jikin bangon dutse. An rubuta gumakan tagulla fiye da 60 da aka ba gidan. An rubuta wanda ya ba da kowanne: sarki, ko yayarsa Kundabai, ko matansa, ko hakimansa. An rubuta awon gunki, da yawan hannuwansa, da nauyin zinariyar da aka yi masa ado da ita, da yawan duwatsu masu daraja. An rubuta sunayen mata ƴan rawa 400, da makaɗa, da masu gadi, da abin da ake biyan kowa.

Mafi yawan gumakan nan sun ɓace. Amma rubutun yana nan. Bayan shekara dubu, mai karatu yana iya tsayawa gaban bango ya san abin da gidan ya mallaka. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Yadda ake zubin

Sana'ar ba ta mutu ba. Akwai wani gari a bakin Kaberi, sunansa Suwamimalai, kusa da birnin Kumbakonam. Maƙeransa ana kiran su sitapati. Sun ce kakanninsu ne suka yi wa Rajaraja aiki, daga baya suka zauna nan saboda kyan lakar kogin. Sana'ar gado ce, uba yana koya wa ɗa.

Ga yadda suke yi. Da fari maƙeri yakan ɗauki siririn ganyen kwakwa, kamar kaba. Ya yanke shi daidai tsawon gunkin da ake so. Ya ninka shi kashi-kashi. Da shi yake auna fuska, da wuya, da ƙirji, da ƙafafu. Ba a yin awon da ka. Akwai tsofaffin littattafan sana'a da suka faɗi rabon kowace gaɓa.

Sai ya haɗa kakin zuma da ƙaron itace da man gyaɗa. Ya narka su, ya bari su sha iska. Da wannan haɗi yake gina siffar, yana ɗumama shi a wuta, yana gyarawa da ɗan tsinken katako. Kai daban, hannuwa daban, sa'an nan ya liƙa su.

In siffar kaki ta kammala, sai ya shafe ta da laka mai laushi ƙwarai, ta bakin kogi. Wannan laka ita take ɗaukar kowane ɗan zane. In ta bushe, ya ƙara wata mai kauri, ya ƙara wata. Ya ɗaure da waya don kada ta tsage. Ya bar ƙofa a gindi. Sai a shanya a rana kwanaki da yawa.

Bayan haka a gasa ta da wuta. Kaki ya narke ya zubo ta ƙofar nan. Yanzu cikin lakar ya zama rami, mai siffar gunkin daidai. Sai a binne ta cikin ƙasa, ƙofar tana sama. A narka ƙarfe a tukunya har ya zama ruwa. Zafin wutar yana kai awo 1,000, wato ninki goma na zafin tafasasshen ruwa. A zuba a hankali, ba tsayawa, har rami ya cika.

Jan ƙarfe ne ya fi yawa a cikin haɗin. Ana ƙara farin gaci da ƴar dalma. In na bauta ne, mai saye yakan ba da ɗan guntun zinariya da azurfa a jefa. Wannan suke kira pancaloha, wato ƙarfe biyar.

In ya huce, sai a fasa lakar da guduma. Kaki ya tafi, laka ta fashe. Saboda haka ba a iya zuba biyu a zubi ɗaya. Kowane gunki shi kaɗai ne, ba shi da tagwai. In zubin ya ɓaci, aikin makonni ya tafi, sai a sake daga farko. Daga nan maƙeri ya zauna da magagari da ƙananan ƙarafa masu kaifi, yana fitar da yatsu da gashi da kayan ado.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Da ita maƙeran Abzin suke zuba abin wuyan azurfa na Agadas, wanda ya yi suna a duniya. Da ita mutanen Ife da Bini, a kudancin Nijeriya, suka zuba kawunan sarakunansu. Maƙerin fari na garinmu, in ya je Suwamimalai, ba zai ji harshensu ba, amma zai gane aikin hannunsu.

Gunki a cikin gida

Manyan gumaka na gidan bauta ne. Ƙanana kuwa, masu tsawon yatsa ko taƙi, na gida ne. Gidan Hindu da wuya ya rasa wurin bauta. Mai hali yakan ware ɗaki guda. Talaka yakan kafa ɗan katako a bango, ko ya gyara wata kusurwa a madafa.

Kafin a fara bauta wa sabon gunki, ana yin wani biki da suke kira buɗe ido. Maƙeri ko malamin bauta yakan taɓa idanun da ɗan tsinke, sau da yawa na zinariya. Kafin wannan, a ganinsu, ƙarfe ne kawai. Bayan wannan, ya zama babban baƙo a gida.

Bautar kullum sunanta puja. Sau da yawa uwar gida ce take yin ta. Da asuba takan yi wanka. Ta wanke gunkin da ruwa, wani lokaci da madara. Ta shafa masa sandal, ta sa masa ƴar riga da furanni. Ta kunna fitilar mai da turare, ta kaɗa ƴar ƙararrawa. Ta ajiye abinci a gabansa: shinkafa, ko ayaba, ko alewa. Masu bin Bishnu sukan ƙara ganyen tulsi, dangin ɗoɗɗoya. Bayan an jima sai a raba abincin ga mutanen gida. In ƙarfen ya dushe, da tsamiya ko toka ake goge shi.

A arewacin Indiya gidaje da yawa suna da ɗan Kirishna mai rarrafe. Ana kula da shi kamar jariri. A tashe shi da safe, a ciyar da shi, a kwantar da shi da dare. Da sanyi a sa masa rigar sanyi. Ranar bikin haihuwarsa, wajen watan Agusta ko Satumba, a sa shi cikin ɗan lilo ana kaɗawa. Bikin haihuwar Rama kuwa yana zuwa wajen watan Maris ko Afrilu.

Irin wannan gunki gado ne. Daga kaka zuwa jika yake tafiya. Akwai waɗanda wanka da shafa na shekaru suka cinye musu fuska, har hanci da ido suka shafe. Masu su ba su ganin haka aibi ne. Alama ce ta daɗewa a gida. Da Indiyawa suka fara tafiya aikin ƙwadago a ƙasashen waje, kamar tsibirin Moris daga 1834 da Afirka ta Kudu daga 1860, sun tafi da addininsu. Ba a iya ɗaukar gidan bauta, amma ɗan gunki yana shiga cikin ƙunshin kaya.

Shekarun ɓoyo

Gidajen bauta sun tara zinariya da yawa. Inda dukiya take, nan mayaƙa suke nufa. A 1311 rundunar Sarkin Delhi, ƙarƙashin wani sarkin yaƙi mai suna Malik Kafur, ta kai hari ƙasar Tamil, ta kwashi dukiya mai yawa. Bayanta ma an yi waɗansu yaƙe-yaƙe.

In labarin yaƙi ya zo, sai masu kula da gidan bauta su haƙa rami a ɓoye. Su jera gumakan tagulla a ciki da kyau, su rufe. Niyyarsu su tono in ƙura ta lafa. Amma waɗansu sun mutu, waɗansu sun yi gudun hijira. Ba su bar rubutu ba, a ka suka riƙe wurin. Da suka tafi, sanin ya tafi da su.

Shi ya sa har yanzu manoma da magina sukan ci karo da su. A 1987, a ƙauyen Esalam, ana gyaran gidan bauta sai aka tono gumaka fiye da 20, tare da fallayen jan ƙarfe masu rubutun sarki Rajendra, ɗan Rajaraja. A garin Tirubenkadu kuma, a shekarun 1950, an tono waɗansu. Masana suka je suka karanta bangon gidan bautar garin. Suka tarar an rubuta cewa an ba da ɗaya daga cikinsu a 1011, har da sunan mai kyautar. Ƙasa ta ɓoye gunki, bango ya faɗi shekarunsa.

Daga abin bauta zuwa abin sayarwa

A zamanin mulkin Ingila, Turawa suka fara tara gumakan nan. An buɗe gidan kayan tarihi a birnin Madras, wanda yanzu ake kira Cennai, a 1851. A can aka tara tagullar Cola masu yawa. A cikinsu akwai Rama da Sita da Lakshamana da Hanuman na ƙarni na 10. Masu sassaƙa na Turai suka gani, suka yaba. Attajirai suka fara nema don ado a gidajensu. Farashi ya hau.

Kasuwa ta kawo alheri, ta kawo sharri. Alherin shi ne maƙera sun sami masu saye. Yau ana sayen sababbin gumaka don bauta, ana kuma saye don ado a falo da ofis da otal. Wanda ba a yi wa bikin buɗe ido ba, kayan ado ne kawai. A arewa, a biranen Aligar da Muradabad, ana zuba kayan farin gaci masu araha da yawa. Su da yashi suke yin zubi, siffa ɗaya tana haifar ɗaruruwa. Da yawa daga maƙeran Muradabad Musulmi ne. Suwamimalai kuwa ta riƙe tsohuwar hanya. A 2023 maƙeranta suka zuba siffar Shiba mai rawa, tsawonta wajen metir 8, nauyinta tan 18. Aka kafa ta a Delhi lokacin taron manyan ƙasashe 20.

Sharrin kuwa shi ne sata. Ƙauyuka da yawa suna da tsofaffin gidajen bauta marasa gadi. Ɓarawo ya shiga da dare. Dillali ya saya da araha. A haɗa tsohon gunki cikin sababbi, a rubuta takardar ƙarya, a sa a jirgi.

Gwamnatoci suka tashi. A 1970 hukumar UNESCO ta tsara yarjejeniyar hana fataucin kayan tarihi na sata. A 1972 Indiya ta yi doka: tsohon gunki da ya kai shekara 100 sai an rubuta shi wurin hukuma, kuma ɗan kasuwa ba ya fita da shi waje. A 1983 jihar Tamil Nadu ta kafa ƴan sanda na musamman don bin sawun gumakan sata.

Amma akwai wuya guda. In ka ga kayanka a hannun wani a Turai, ka ce naka ne, zai ce ina shaida? Alƙali ba ya karɓar "na san shi". Sai takarda.

Yadda Rama ya koma gida

A gaɓar teku ta ƙasar Tamil akwai birnin Pondisheri. Faransa ce ta mallake shi, kamar yadda ta mallaki ƙasarmu, har 1954. A 1955 aka kafa wata cibiyar bincike ta Faransa a can. Ma'aikatanta suka riƙa bin ƙauyuka suna ɗaukar hoton gumaka. Kowane hoto suna rubuta sunan gari, da sunan gidan bauta, da ranar da aka ɗauka. Hotunan sun fi 100,000.

A watan Yuni na 1958 suka je ƙauyen Anandamangalam. Suka ɗauki hoton Rama da Sita da Lakshamana na tagulla, aikin ƙarni na 15. Tsawon Rama wajen santimetir 90. A watan Nuwamba na 1978 aka sace su. An kama ɓarayin, amma kayan sun riga sun yi nisa. Shekaru suka wuce, waɗanda suka san su da ido suka tsufa.

Can daga baya, waɗansu masu aikin sa kai suka ga hoton ɗaya daga cikinsu a intanet, wurin wani mai sayar da tsofaffin kaya a Ingila. Suka gwada shi da hoton 1958. Ku tuna, zubin kaki ba ya haifar tagwai. Kome ya yi daidai. Aka kai wa ƴan sandan London shaida. Wanda kayan suke hannunsa ya miƙa dukan ukun. A watan Satumba na 2020 aka damƙa su ga Indiya. Kafin shekara ta ƙare sun koma ƙauyensu, bayan shekara 42. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Ba su kaɗai ba ne. A 2008 babban gidan kayan zane na ƙasar Ostareliya ya sayi wani gunkin Shiba a kan dalar Amurka miliyon 5. Ba dalarmu ta nan ake nufi ba. Kuɗin sun fi miliyar 2 na sefa. Hotunan Pondisheri suka nuna daga ƙauyen Siripurantan aka sato shi. A 2014 aka mayar da shi. Dillalin da ya sayar, Subash Kapur, an kama shi a Jamus a 2011. A 2022 wata kotun Indiya ta ɗaure shi shekara 10 saboda satar gumaka. A 2024 kuma Amurka ta mayar wa Indiya tsofaffin kaya 297 a tashi ɗaya.

Waɗanda ba a taɓa ɗaukar hotonsu ba, ba a kuma rubuta su ba, da wuya su komo. Ba mai iya tabbatar da asalinsu.

Abin da ya shafe mu

Wannan ciniki na sata ya taɓa ƙasarmu. A Bura, cikin yankin Tera, an gano tsofaffin kayan yumɓu a 1975. A 1983 masanin nan Bube Gado ya tona wurin bisa ƙa'ida, yana rubuta kome. Amma daga shekarun 1990 masu neman kuɗi suka afka wa wuraren. Suka farfasa da yawa, suka sayar da sauran ga dillalai. Abin da aka tona ba rubutu, labarinsa ya tafi ke nan.

Saboda haka, ƴan'uwa, in garma ko hauya ta tono muku tsohon abu a gona, kada ku yi saurin sayarwa. Ku sanar da mai gari, shi kuma ya sanar da hukuma. Ku rubuta ranar, da wurin, da kamannin abin.

A gidajenmu ma akwai kayan gado: takobin kaka, tambarin sarauta, tsohon littafi da aka rubuta da hannu, munduwar tagulla. Yanzu da kuka iya alƙalami, ku sami littafi guda. Ku rubuta sunan abin, da wanda ya ƙera shi in an sani, da wanda ya bari, da tsawonsa, da alamar da take jikinsa. In da hali ku ɗauki hoto. Ku tambayi tsofaffi tun suna da rai.

Maƙeran Kaberi sun riƙe sana'arsu shekara dubu don uba ya koya wa ɗa. Mutanen Anandamangalam sun sami kayansu don wani ya tsaya ya rubuta sunan ƙauyensu tare da hoto. Allah ya ƙara mana sani, ya amfana mu da karatunmu.